Ɗakin da Ke Kusa da Dish

Ranar da mai haɗa dish ya zo, Gwaggo tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana warware ɗinkin wata tsohuwar riga, ta kawo ta dab da idonta na dama, wanda shi ne yake ɗan gani. Mutumin ya shigo da ƙaton kwali a kafaɗa da naɗin baƙar waya a hannu, ya rusuna ya gaishe ta.

"Mama, sannu da hutawa."

"Yawwa, ɗan nan. Wannan wane irin faranti ne haka? Ƙattai za a ciyar?"

Ya yi dariya. "Duniya za mu kawo miki har ɗaka."

"Wadda nake ciki ma ta ishe ni," in ji ta.

Akawu, mai gidan, ɗan ƙaninta ne. Ita ta goya shi tun yana tsumma bayan rasuwar mahaifiyarsa, kuma tun da ƙarfinta ya ƙare a gidansa take. Babana take kiransa. Ran nan bai je ofis ba saboda aikin, yana ta bin mai dish a baya kamar jela.

Mai dish ya gwada bangon gaba, ya gwada na gefe, ya girgiza kai. Dogon ginin maƙwabta ya tare hanya, ya ce sai dai a kafa shi a saman bene. Suka zagaya lungun tsakar gida inda matakalar ƙarfe take. Siririya ce, a miƙe kamar tsani, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen kuwa babu abin kamawa. Mai dish ya jijjiga ta da hannu, ta amsa da ƙara.

"Yallaɓai, wannan sai da bismilla."

Suka hau. Daga ƙasa Gwaggo tana jin injin huda yana cin siminti, ƙura tana sauko mata a tsakar gida. Aka zuro waya ta jikin bango, aka huda kusa da tagar falo aka cusa ta. Sannan aka shiga kiran juna: mai dish yana sama yana juya farantin a hankali, yara suna gaban talabijin suna ihu.

"Ya kawo?"

"Bai kawo ba. Ya kawo! A'a, ya ɗauke."

"Yanzu fa?"

"Tsaya a nan, tsaya a nan."

Kafin mai dish ya gama ɗaure notuna, Akawu ya tura ƙofar wani ɗan ɗaki da ke saman benen, inda ake zuba karyayyun kujeru da tsofaffin gwangwanayen fenti. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce da mai dish, "Ashe ɗaki guda ne a nan yana zaman banza." Mai dish bai ɗago ba, ya ce ƙwarai kuwa, ya ci gaba da matse sifana.

A ƙarshen makon abokan Akawu suka zo kallon ƙwallo. Falon ƙarami ne, talabijin ɗin kuwa ta cinye rabin bango. Wasu suka zauna a hannun kujera, wasu suka tsaya a bakin ƙofa suna leƙe ta kan kafaɗar juna. Shugabansa na ofis ma ya zo, ya zauna a takure, aka je hutun rabin lokaci ya ce yana da uzuri. Bango ɗaya ne tsakanin falon da ɗakin Gwaggo.

Washegari da hantsi Akawu ya shigo ɗakinta ya zauna a bakin gado, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Gwaggo, jiya hayaniya ta hana ki sakat, ko?"

"Ba komai, Babana. Gida mai mutane ai shi ne gida."

"A'a, ba zan yarda a riƙa damunki ba. Na sa a gyara miki ɗakin sama. Ga iska, ga shiru, babu sauro. Wallahi da ni ne ma can zan koma."

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Sama? Ta wannan matakalar?"

"Ai ba kullum za ki riƙa sauka ba. Abinci za a kai miki."

"Banɗaki fa? A ƙasa yake. Ka san gwiwar nan, ka san idon nan."

"Yara na nan, ki kira kawai su kama ki. Na ɗan lokaci ne, kafin in ga yadda zan yi."

Ta dubi matarsa da ke tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Matar ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ni dai abin da ya ce." Gwaggo ta buɗe baki, ta tuna cewa ba ta da wani ɗa, ba ta da wani gida, ta rufe.

Akawu ne ya hau da ita a karon farko, yana gaba yana riƙe da hannunta, matarsa tana baya tana tura ta. Kowane taki sai ƙarfen ya yi motsi. Ba ta kalli ƙasa ba. Da suka isa ta zauna a kan katifa. Ba ta gama dawowa hayyacinta ba ta ji guduma a ƙasa. Magina ne suka fara rusa bangon ɗakinta don a faɗaɗa falo. A nan ta gane tsawon ɗan lokacin.

Sauka ta fi hawa wuya. Da baya take sauka, hannu bibbiyu a kan ƙarfen, tana laluben taki na gaba da yatsun ƙafa. Tsakanin taki da taki fili ne, ta nan take hango simintin tsakar gida yana rawa cikin hazon idonta. Da farko in ta kira, wani cikin yaran yakan zo da gudu. Bayan 'yan kwanaki sai ta kira ta sake kira, a amsa mata daga falo, "Gwaggo, bari a sa talla." In aka sa talla kuma an manta.

Wata safiya ta gaji da jira ta kama hanya ita kaɗai. Tana tsakiya silifas ɗinta ya zame, ya faɗa ta tsakanin takun, ta ji ƙarar faɗuwarsa can ƙasa. Ƙafar ta tsaya a iska. Ta ƙanƙame ƙarfen, ta manna goshinta a kai. Ba ta iya sauka, ba ta iya komawa. Matakalar tana ta rawa a ƙarƙashinta. Ta yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Haka matar Akawu ta same ta da ta fito zubar da ruwan wanke-wanke, ta yi salati, ta hau ta sauko da ita taki-taki. Zanin Gwaggo ya riga ya jiƙe.

Da yamma matar ta hau mata da bokiti mai murfi. "Gwaggo, ki riƙa amfani da wannan. Yara za su zubar."

Ranar farko an zubar. Rana ta biyu ta ji su a gindin matakala suna musu.

"Jiya ni na ɗauka."

"To ni ba zan taɓa ba, amai yake sa ni."

"Ku yi a hankali mana, za ta ji."

Ta ji. Ta gwada ɗaukar bokitin da kanta, ta kai shi bakin matakala, ta ga dole sai da hannu biyu take sauka. Ta mayar da shi bayan ƙofa. Zafin rana yana dukan kwanon ɗakin, warin yana tashi, ta riƙa jin kunyar duk wanda ya leƙo da kwanon abinci.

Daga nan ta fara rage ruwa. Ba ta faɗa wa kowa ba. Shayin safe takan kurɓa sau ɗaya don ta haɗiye burodi, ta bar sauran. In ƙishi ya matsa mata sai ta jiƙa leɓe, ta kurkure baki ta tofar. Jarkar da ake hau mata da ita takan kwana kusan a cike, alwala kaɗai ke rage ta. Matar Akawu ta lura, ta ce da mijinta Gwaggo ba ta shan ruwa. Ya ce, idonsa a kan labarai, "Tsofaffi haka suke. Sanyin sama ne ya karɓe ta."

Dish ɗin yana nan dab da ƙofarta, fari, ya ɗaga fuska sama, da wani hannu na ƙarfe a gabansa. Wata rana ta wanke ɗankwalinta ta shanya a kan wayarsa, don babu igiya a saman. Aka yi iska, hoto ya ɗan yi rawa a ƙasa. Sai ga Akawu ya hayo yana haki. Shi ne hawansa na farko tun ranar da ya kawo ta.

"Gwaggo, me ya kai ki taɓa shi?"

"Ɗankwali ne kawai, Babana."

"Kin san wahalar da aka sha kafin a saita abin nan? In ya goce ko da tsawon farce ne, sai an sake kiran mai shi. Don Allah kar ki ƙara kusantarsa."

Ya fizge ɗankwalin ya miƙa mata, ya duba notunan ɗaya bayan ɗaya, ya sauka. Bai shiga ɗakin ba. Tun daga ranar, in za ta fito shan iska sai ta bi ta jikin bango, ta tattare zaninta don kada ya goge shi.

Damina ta faɗi. Ta taɓa jin yaran suna cewa ƙarfen da ya fi kowanne tsawo a gida shi tsawa take nema. Wata la'asar gari ya haɗe baƙi ƙirin, iska ta taso. Dish ɗin ya kama wani irin gurnani kamar ana busa bakin kwalba, ƙofarta tana bugawa don sakatar ba ta kamawa. Walƙiya ta haska ɗakin fari fat, tsawar ta biyo baya kamar a kan kwanon ta sauka. Gwaggo ta ja katifa zuwa lungun da ya fi nisa da ƙofa, ta dunƙule, ta toshe kunnuwa. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa tabarma. Ta kira Babana, ta kira matarsa, ta kira yaran da sunayensu. Da ruwan ya tsagaita, abin da ta fara ji daga ƙasa shi ne tsakin yara, wai hoto ya ɗauke ana tsakiyar wuri mai daɗi.

Akwai wata maƙwabciya a dogon ginin nan da takan fito shanya a barandarta. Ran nan ta hango Gwaggo tana shanya tabarma a kan simintin saman bene.

"Mama, ke ce a nan sama? Da wannan matakalar?"

Gwaggo ta gyara lulluɓi. "Ni na ce a kawo ni, 'yar nan. Ƙasa zafi. Yaron nan ba ya son abin da zai dame ni."

"Allah ya yi masa albarka."

"Amin," in ji Gwaggo.

Ciwon ya fara da zafin fitsari. Sai bayanta ya riƙe, daidai ƙasan haƙarƙari, kamar an soka mata ƙusa. Sai zazzaɓi. Harshenta ya bushe ya yi kaushi, in ta tashi tsaye ɗakin ya juya. Yaran sukan ajiye kwano a bakin ƙofa su ce, "Gwaggo, ga abinci," su juya da gudu kafin ta amsa. Wanda ya zo ɗaukar kwanon yakan gan shi yadda aka kawo shi, ya kai kicin ya kife wa kaji. Da matar Akawu ta tambaya, aka ce mata Gwaggo barci take yi. Ta ce za ta hau in ta gama aiki. Aikin gida kuwa ba ya ƙarewa.

Ranar Asabar aka yi babban wasa. Tun azahar falo ya cika, sabon falo mai faɗi da ya haɗiye ɗakinta, an ƙure murya har ƙarfen matakala yana amsawa. Gwaggo ta yunƙura za ta kai ga jarka, don yau kam ta ji in ba ta sha ba mutuwa za ta yi. Ƙafafun suka ƙi. Ta faɗi tsakanin katifa da ƙofa, jarkar ta kife, ruwan ya bi siminti ya tafi. Ta kira. Abin da ya fito daga maƙogwaronta bai fi kukan ɗan tsako ba. A ƙasa aka kwashe da ihu, wani ya ci.

Ta ja jiki da gwiwar hannu har waje. Simintin ya ɗau rana yana ƙuna. Ta kai bakin matakala ta leƙa, ta ga ramin yana juyawa, ta janye kai. Ta buga ƙarfen da sandarta, ƙarar ta narke cikin hayaniya. Ta kwanta a nan, kuncinta a ƙasa, tana tunanin wanda zai fara ganin gawarta, da bokitin da ke bayan ƙofa da za a tarar.

Inuwar dish ce ta faɗo kan fuskarta. Ta daɗe tana kallonsa. Ko a wannan halin tsoron faɗan Akawu bai sake ta ba. Ta ce a ranta, ya yi haƙuri. Ta miƙa sandar, ta maƙala lanƙwasar sandar a hannun ƙarfen nan na gaban dish, ta rataya duk nauyin da ya rage mata. Wani abu ya yi ƙara, farantin ya sunkuyo.

Gidan ya yi tsit. Sai kuma muryoyin maza suka tashi gaba ɗaya. Ba a jima ba matakala ta fara jijjiga.

"Gwaggo, wai sau nawa zan gaya mi..."

Sai ya gan ta kwance. Ya durƙusa, ya taɓa goshinta, ya janye hannu kamar ya taɓa tukunya. Ya ƙwala wa abokansa kira. Su uku suka sauko da ita cikin bargo, suna faɗa wa juna a yi a hankali, wannan matakala ai sai ta kashe mutum.

A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa, leda bayan leda. Likitar, wata mace mai tabarau, ta ce ƙodarta ce ta kamu, kuma jikinta ya bushe kamar wadda ta kwana biyu a daji. Ta tambayi Akawu ko ba a ba ta ruwa ne.

"Haba, likita. Jarka guda ake kai mata kullum. Tsufa ne, sai an yi ta fama da ita. Uwata ce fa, ita ta raine ni."

Da ya fita sayen magani likitar ta jawo kujera. "Mama, tsakanina da ke. Akwai abin da ke hana ki sha?"

Gwaggo ta dubi fankar da ke juyawa a sama. Maganar ta zo mata har leɓe. Sai ta hango shi tsaye a gaban wannan mata ana yi masa faɗa kamar yaro, ta hango kuma komawarta gidan bayan haka.

"Ba na jin ƙishi ne, 'yar nan."

Banɗakin asibitin yana kusa da gadonta, ƙasa a shimfiɗe, ga ƙarfen kamawa a jikin bango. Ta riƙa shan ruwa kofi bayan kofi, har matar gadon kusa tana tsokanarta wai za ta ƙarar musu da famfo. Ta yi dariya, ta farko cikin watanni. Amma duk safiya in likita ta shigo zagaye sai gabanta ya faɗi, kada a ce ta warke.

Aka ce ta warke. Likitar ta ja kunnen Akawu: ruwa da yawa kullum, in ba haka ba ciwon zai dawo, kuma in ya dawo ba lalle ƙodar ta ɗauka ba. Ya ce in Allah ya yarda.

A mota ta tattara ƙarfin hali. "Babana, ko a lungun kicin ne, ka shimfiɗa mini tabarma."

"Gwaggo, me mutane za su ce? A ce na kwantar da ke a kicin? Ai mutuncinki ya fi haka. Kuma an yi gyara a saman, za ki gani."

Ƙafafunta ba su iya taka matakalar ba ko ɗaya. Sai ya durƙusa ya goya ta. Maƙwabciyar nan tana baranda, ta kira wata ta zo ta gani. "Dubi ɗan halak. Yadda ta goya shi, yau ga shi yana goya ta." Gwaggo ta runtse ido, ta ƙanƙame wuyansa, tana jin ƙarfen yana lanƙwasa a ƙarƙashin nauyinsu.

A sama ya sauke ta. An yi gyara kuwa. An kira mai walda, ya kewaye dish ɗin da kejin ƙarfe mai kauri, an shafa masa baƙin fenti, an sa kwaɗo. Ramukan kejin ƙanana ne, ko sanda ba za ta shiga ba.

"Saboda iska," in ji Akawu, bai dube ta ba.

Ya shigar da ita ɗaki, ya ajiye jarkoki biyu da sabon kofi kusa da katifa, ya jera magungunan a kan taga.

"Kin ji abin da likita ta ce. Ki riƙa sha."

"In na kira fa, Babana?"

"Ki kira mana, Gwaggo. Ai muna ji."

Ya sauka. Ta bi ƙarar takunsa har ta ɓace, sai muryar mai karanta labarai ta taso ta cike gurbin.

A unguwar har yau in ana misalin mai riƙon tsoho, Akawu ake kawowa. Kuma babu wanda ya yi ƙarya. Bai taɓa zaginta ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ba ta taɓa kwana babu abinci a bakin ƙofarta ba. Ya kai ta asibiti, ya goya ta a bayansa a gaban shaidu. In ka tambaye ta ma, albarka za ta sa masa. Irin wannan zalunci ba ya barin tabon da za a nuna wa likita, kuma wanda ake yi wa shi ne yake fara rufa masa asiri.

Gwaggo ta tsiyaya ruwa a sabon kofin. Ta kai shi baki ta sha rabi, don likita ta ce. Sauran rabin ta riƙe shi a cinya, tana sauraron ko akwai mai hawowa.